Wa Ya Koya wa Yaro Tsoron Tsaka?

A Maraɗi yaro ɗan shekara uku zai sa hannu cikin tiren mai fara, ya ɗauko guda, ya fizge ƙafafunta ya kai baka, ko a jikinsa. Wansa mai shekara bakwai yana bayan gida da danƙo yana farautar ƙadangaru. Amma da tsaka za ta ɓullo daga bayan kalandar da ke bangon ɗaki, sai ka ga su biyun sun yi waje da gudu, ƙaramin yana ihu. Tsakar nan ba ta kai rabin ƙadangare ba, kuma da wuya ka sami wanda ta taɓa ciza a duk unguwar. Sai dai tun kafin yaron ya iya faɗin sunanta, ya ga yadda innarsa ta zabura ta saki salati ran da ta gan ta kusa da kwanon tuwo. Ya ga an rarumo takalmi, ya ji muryoyin gidan sun canza. Ba wanda ya zaunar da shi ya ce ga abin tsoro. Shi ya duba manya, ya ɗauka.

Tsoron da jariri ke zuwa duniya da shi kaɗan ne. Ƙara mai ƙarfi na firgita shi, haka ma in ya ji kamar za a sake shi ya faɗi. Wajen wata bakwai zuwa tara sai ƙiwa ta zo, ya daina yarda da baƙuwar fuska. Daga shekara biyu zuwa shida kuma duhu da dabbobi da abubuwan da ba a gani su ne ke cika masa kai. Wannan haka yake a Tibiri, haka yake a Landan. Abin da ya bambanta shi ne wane abu tsoron zai kama, da ƙarfin da zai kama shi, da ko zai sake shi in lokaci ya yi. A 1977 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Stanley Rachman ya ce tsoro na shiga mutum ta ƙofa uku: abin da ya same ka, abin da ka ga ya sami wani, da abin da aka gaya maka. Biyu daga ciki Bahaushe ya daɗe da sanin su, shi ya sa yake cewa wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ƙofar farko ba kullum take hannun iyaye ba. Sauran biyun kuwa, a shekarun farko na rayuwa, kusan su kaɗai ke tsaron su.

Akwai wani gwaji da aka yi a Amurka, James Sorce da abokan aikinsa suka buga sakamakonsa a 1985, wanda ya kamata duk mai renon yaro ya ji labarinsa. An ɗora jarirai ƴan shekara ɗaya a kan wani teburi mai shimfiɗar gilashi. A tsakiya, ƙarƙashin gilashin, an yi wani gangare mai zurfin kamar santimita 30, yadda yaro zai ga kamar rami amma ba zai iya faɗawa ba. Uwa tana tsaye a wancan ƙarshen, ga abin wasa a gabanta. Yaro ya rarrafo, ya iso bakin ramin, ya tsaya, ya ɗaga kai ya dubi uwarsa. Inda uwa ta nuna fuskar tsoro, cikin yara 17 ba ko ɗaya da ya ƙetare. Inda ta saki fuska ta yi murmushi, 14 cikin 19 suka wuce. Rami ɗaya ne, gilashi ɗaya ne, kuma ba wadda ta yi magana. Sannan da aka cire gangaren gaba ɗaya, yawancin yaran ba su ma tsaya duban kowa ba, suka wuce abinsu. Ashe yaro ba ya neman fuskar uwa sai inda abu ya shige masa duhu, kuma ga ɗan shekara ɗaya kusan duk abin da ke tsakar gida sabo ne: akuya, injin markaɗe, baƙo mai gemu, tsawar farkon damina.

A Ostireliya, a 2002, Friederike Gerull da Ronald Rapee suka nuna wa yara 30 ƴan wata 15 zuwa 20 macijin roba da gizo-gizon roba. Wanda uwa ta yamutsa wa fuska, yaron ya ci gaba da gudunsa bayan minti goma, ko da ta riga ta koma yadda take. Kafin su, Susan Mineka da Michael Cook sun ga irin haka ga birai: birin da aka haifa a keji bai san tsoron maciji ba, amma da ya kalli wani biri yana razana da maciji, sai ya ɗauka, kuma bayan watanni tsoron na nan. Da suka haɗa bidiyo don ya ga kamar furanni ne ɗan'uwansa ke gudu, bai ɗauka ba. Wato akwai abubuwan da halitta ta riga ta shirya zuciya ta ji tsoronsu cikin sauri, irin su maciji da duhu da tsayi, kuma a kansu ne razanar babba sau ɗaya tak kan isa.

Duk wannan a kan fuska aka gina shi, domin yaron Turawa yawanci a gaban uwarsa yake zaune. Namu kuwa a baya yake, cikin zane, ƙeyarta yake kallo. Za a iya cewa ke nan goyo ya tsare shi daga ganin tsoronta. Ni ban yarda ba. Dubi mace da goyo za ta shiga wani gida a unguwar Bagalam, sai kare ya taso daga zaure. Ta tsaya cak. Kafaɗunta suka ɗaure, ta riƙe numfashi, hannunta ya kai baya ya damƙe goyon, ta ja da baya taku biyu da sauri. Ƙirjin yaron manne yake da bayanta, ba abin da ya wuce shi, alhali ko karen bai gani sosai ba. A 2014 Sara Waters da abokan aikinta a Kalifoniya suka sa wasu iyaye mata cikin wani yanayi mai tayar da hankali ba tare da ƴaƴansu na wurin ba, sannan suka mayar musu da jariran. Cikin mintuna kaɗan bugun zuciyar jariran ya bi na iyayen. Yaron da ke wuni a bayan uwarsa ya fi kowa kusa da wannan saƙo. Kuma ta nan natsuwa ma ke bi: goyon da uwarsa ke tafiya a hankali, tana magana da muryar yau da kullum, ya kan yi barci a tsakiyar hayaniyar babbar kasuwa.

Al'adarmu tana da abin da take yi da kyau a nan, kuma ba a cika yaba mata ba. Kunyar ɗan fari, wadda ke hana uwa kiran sunansa ko rawar jiki a kansa gaban surukai, takan sa in ya faɗi ba ta kurma ihu, sai kaka ta ce, “Tashi, maigida, ba komai, zo in gani.” Ya tashi, ya karkaɗe gwiwa. A gidan yawa kuma yaro yana da fuskoki da dama da zai duba. In innarsa na tsoron tsawa, ga kakarsa zaune tana tsintar wake kamar ba a yi ba, ga goggo tana tara ruwa a bakin indararo. Rapee da Kerry-Ann Egliston sun nuna a 2007 cewa yaron da ya fara ganin uwarsa ta taɓa abu cikin kwanciyar hankali, ko daga baya wani ya nuna masa tsoron abin, ba ya ɗauka da sauƙi. Abin da ke damuna shi ne wannan garkuwa tana raguwa. A sababbin unguwanni irin su Zariya da Ali Ɗan Sofo, amarya na wuni ita kaɗai da ɗanta a bayan ƙofar ƙarfe, mijin yana kasuwa ko yana kan hanyar Kano, ba fuskar da yaron zai duba sai tata. In ita mai yawan fargaba ce, ba mai rage masa.

Sai kuma tsoron da muke dasawa da bakinmu, da gangan. “Yi kurum, ga dodo nan!” “Ka ci ko in kira mahaukaci.” “Bari likita ya zo ya yi maka allura.” Kowa ya san dalili: mace tana da tuwo a wuta, ga wanki, ga ƴaƴa biyar, dodo kuwa yana aiki nan take. Amma Andy Field a Ingila ya gwada abin da irin wannan magana ke bari. A 2003 shi da Joanne Lawson suka nuna wa yara ƴan shekara shida zuwa tara hotunan wasu dabbobin Ostireliya da ba su taɓa gani ba, suka faɗi mugun labari a kan ɗaya, kyakkyawa a kan wata. Da aka ce su sa hannu cikin akwatin da dabbar take, sai suka riƙa jinkiri a kan wadda aka ɓata. Binciken da ya biyo baya ya gano cewa bayan wata shida tsoron bai gama gushewa ba. Wannan fa labarin baƙo ne, sau ɗaya. Ina ga maganar uwa, kullum, cikin duhu?

A cikin duk waɗannan barazanar allura ce ta fi tsada, domin ita ana zuwa ranarta. Ka je gidan likita ranar rigakafi ka tsaya kusa da layi. Yarinya ƴar shekara biyu tana wasa da ɗankunnen uwarta lafiya lau, har sai da ta hango farar riga. Ta ƙanƙame wuya, ta sandare. Uwar ta juya kai gefe ta runtse ido, tana maimaitawa da sauri, “Ba zafi, ba zafi, yi haƙuri, yi haƙuri,” muryarta na rawa. Wata daga baya ta ce, “Ai ga shi nan, na gaya miki za a yi miki in ba ki ji.” Yarinyar ta koyi abu uku a minti ɗaya: allura horo ce, innarta ma tsoronta take ji, kuma manya na faɗin abin da ba haka ba. Meghan McMurtry da Christine Chambers a Kanada sun gano a 2010 cewa yara kan fassara yawan lallashi a irin wannan lokaci da cewa babba ya tsorata. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawara a 2015 cewa a riƙe yaro a jiki, a ba jariri nono lokacin allurar ko gab da ita, a yi magana da murya ta yau da kullum, kada a ce masa ba zafi. A jihar da zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da tamowa ke kai yara asibiti kowace shekara, jihar da ta ga yunwar 2005, bai kamata mu riƙa tarbiyyar yara a kan gudun likita ba. Wanda ya tashi da wannan tsoro, gobe shi ne uban da zai ɓoye ɗansa in masu rigakafi sun shigo unguwa.

Batun iskoki ya fi wannan laushi, kuma ba gardamar samuwarsu nake yi ba. Ƙasar Katsinar Maraɗi da Gobir ta daɗe da saninsu: sarautar Iya a Maraɗi da ta Inna a Tibiri suna da tsohuwar alaƙa da bori, har Guy Nicolas da Jacqueline Monfouga-Nicolas suka yi littattafai a kai a shekarun 1970. Yaro yana tashi yana jin sunan Doguwa, yana jin labarin mayu, ana hana shi gindin tsamiya da tsakar rana. Shigar da yara gida da almuru kuwa hadisi ne ya zo da shi. Abin dubawa shi ne yadda ake faɗa. Wata uwa za ta ce, “Ku shigo, magariba ta yi, kowa ya yi bisimilla.” Wata kuma ta fito a guje, ido waje, tana cewa za a shafe su, za a shanye musu ƙafa. Ta farko ta ba yaro abin yi, ya yi, ya kwanta. Ta biyu ta nuna masa cewa akwai abin da ko ita ba ta da dabararsa, shi ne za ka ji yana firgita cikin dare, washegari a tafi neman rubutu da hayaƙi, ba wanda ya tuna da abin da aka faɗa masa jiya. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun ɗauke wa wani mai barci igiyarsa da wasa, ya farka a firgice, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana tsorata Musulmi. Babban mutum ke nan, kuma da wasa. Malamanmu masu wa'azi a gidajen rediyo za su yi babban aiki in suka karanta wa iyaye wannan hadisi da ɗan shekara uku a zuciyarsu.

Rabin maganar ke nan. Ɗaya rabin shi ne abin da muke yi bayan tsoron ya riga ya kama yaro. Maraɗi da Tibiri garuruwan mayaƙa ne tun asali. Ɗan Kasawa da mutanensa sun kafu a Maraɗi bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi, Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, kuma har yau ana ambaton mayaƙa irin su Ɗan Baskore da Ƙaura Hasau. A irin wannan ƙasa tsoron ɗa namiji abin kunya ne ga ubansa. Sai a ce masa rago, a yi masa dariya gaban ƙannensa, ko a ɗauke shi cak a ɗora kan jakin da yake gudu yana tsala ihu. Wannan ba ya cire tsoro, yana koya masa ɓoye shi ne, ya kuma cire uban daga cikin waɗanda zai kai wa kuka. A ɗaya gefen ga uwar da tausayi ya yi mata yawa: yana tsoron akuya, an sayar da akuya, yana tsoron lakwal, yau ma ya zauna gida. Duk lokacin da aka kawar masa da abin, ya ƙara tabbata cewa da ma abin ya fi ƙarfinsa.

Hanyar da ke tsakani tsohuwa ce. A 1924 Mary Cover Jones ta yi aiki da wani yaro mai suna Peter, ɗan kusan shekara uku, mai tsananin tsoron zomo. Ta riƙa ajiye kejin zomon can nesa lokacin da yake cin abin da yake so, kullum ana matso da shi kaɗan, tana kuma kawo yaran da ke wasa da zomon ba tsoro yana kallonsu. A ƙarshe da hannunsa ya shafa shi. Duk wanda ya ga yadda tsoho makiyayi ke saba wa jikansa da saniya, yau ya tsaya a bayansa, gobe ya miƙa mata dusa, jibi ya riƙe igiya, ya san ba wani sirri ba ne. Sai dai yara ba ɗaya suke ba. Jerome Kagan na jami'ar Harvard ya nuna cewa kusan jariri ɗaya cikin biyar yana zuwa da saurin razana tun yana wata huɗu. Irin wannan ba laifin uwarsa ba ne, ba kuma baki aka yi masa ba. Matakansa ne za su fi na wansa yawa. Gado yana da rabonsa, amma wani bincike da Thalia Eley ta jagoranta a 2015 kan iyalan tagwaye a Suwidin ya nuna cewa kamannin iyaye da ƴaƴa wajen fargaba ya fi bin zaman tare. Kuma abin yana tafiya ta gefe biyu, domin yaro mai yawan firgita shi ma yana tayar da hankalin uwarsa.

Kada wani ya fahimci cewa ana son yaro marar tsoro. A Jiratawa, inda magudanan ruwan noman rani da rijiyoyin lambu ke ko'ina tsakanin zogale da tumatir, yaron da ba ya shakkar bakin ruwa yana cikin hatsari. Haka Gulbin Maraɗi in ya kawo a watan Agusta, haka kunama a ƙarƙashin tabarma, haka ƴan kabu-kabu a kan kwalta. A nan “Kul!” mai ƙarfi da ɗaure fuska daidai ne, kuma gwajin gilashin nan ya nuna yana aiki. Amma yana aiki ne in ba a ɓarnatar da shi ba. Uwar da ke ihu iri ɗaya a kan tsaka, da zubar da koko, da bakin rijiya, ko dai yaron ya ji tsoron duka, ko ya daina jin ta gaba ɗaya.

Wurin da ya fi wuya shi ne inda su kansu iyayen tsoronsu na gaskiya ne. Garin nan ya san ruwa: ambaliyar 1945 ce ta tayar da tsohon Maraɗi daga fadama zuwa tudu, kuma a daminar 2024 jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi asarar rayuka da gidaje. Ran 8 ga Nuwamba 2021 gobara ta kama azuzuwan zana a wata makaranta a cikin gari, yara aƙalla 25 ƴan shekara biyar zuwa shida suka rasu. Tun 2019 dubun-dubatar mutane suka ƙetaro daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa yankunan Gidan Rumji da Madarunfa suna gudun ƴan bindiga, kuma garkuwa da mutane ta shigo ƙauyukan bakin iyaka. Macen da gini ya taɓa rufta wa, in hadari ya haɗu ta kasa zama, wa zai ce mata ta saki fuska? Lokacin da Jamus ke ruwan bama-bamai a Landan, Anna Freud da Dorothy Burlingham sun kula da yara a gidajen reno, suka rubuta a 1943 cewa ƙananan yara sun fi firgita da firgitar iyayensu mata da kuma rabuwa da su fiye da ƙarar bam ɗin kansa. Ba a faɗin wannan don a ɗora wa uwa wani laifi a kan wahalarta. Yaro ba ya bukatar uwar da ba ta tsoro, kuma in ta yi ƙaryar natsuwa jikinta zai tona ta. Abin da ke taimakonsa shi ne ya ga tsoron yana da iyaka: “Na ji tsoro, amma ga abin da za mu yi. Ɗauko takalmanka, za mu gidan Baba Ƙarami har ruwa ya ɗauke.” Maza ma suna da nasu kason, kuma babba ne. Uban da ya dawo da dare ya zauna kan tabarma yana ba da labarin wanda aka sace da kuɗin da aka nema, ko ya kunna bidiyon gawarwaki da aka turo masa ta WhatsApp ɗansa na jingine da kafaɗarsa, ya ɗauka yaron bai gane ba. Bai gane kalmomin duka ba, amma ya ga fuskar ubansa.

A 2020 Eli Lebowitz na jami'ar Yale ya buga sakamakon wani gwaji kan yara 124 masu ciwon fargaba. Rabinsu aka yi musu magani kai tsaye, rabi kuma ba su ga likita ba sam, iyayensu kaɗai aka koya wa yadda za su amsa tsoron ƴaƴansu: su nuna sun gane abin yana da wuya, su nuna sun yarda yaron zai iya, su rage kawar masa da abin da yake gudu. Sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu ya zo daidai. Ga gari irin Maraɗi, inda likitocin ƙwaƙwalwar yara ba su da yawa, wannan ya buɗe hanya, domin masu haɗuwa da iyaye mata kullum muna da su: ungozomomi, malaman Islamiyyar matan aure, ma'aikatan gidan likita. Ranar awo, lokacin da mata ke zaune kan benci suna jiran a kira su, da ma ana yi musu bayanin kunun yara da gidan sauro. Minti biyar a kan allura da dodo zai shiga cikin wannan zama ba tare da an kashe ko dala ba.